Mutumin da Ba Ya Juyowa

Shafi na 14

Masu tambaya tun jiya ko wane ne mai farar rigar nan da ke ta fitowa a hotunan Auta, ku matso kusa. Yau ita ma za ta sani.

*

Ba ta ji shigowar Umma ba. Tana durƙushe tana laluben cajar batir a ƙarƙashin gado, sai ta ji takardu sun zube a ƙasa. Daga nan shiru. Irin shirun da ke sa mutum ya ji tsoron ɗagowa.

Ambulan ɗin hotunan da ta karɓo jiya daga wurin wankin hoto ne ya zame daga cikin kayan da Umma ke ninkewa. Hotuna talatin da shida a watse a tsakar ɗaki, kuma kamar kullum, babu fuska ko ɗaya a cikinsu. Ƙeya, kafaɗa, bayan riga. Wata takwas ke nan Auta na fita titi da kyamarar marigayi Yayanta, amma har yau ba ta taɓa iya ɗaga ta zuwa idonta a gaban mutum ba. A ƙirji take rataye ta, ta bi bayan mutane, ta yi tari, ta danna. Tarin don ya rufe ƙarar kyamarar ne.

Umma ta sunkuya ta ɗauki guda ɗaya. Ta kai shi kusa da taga.

Wani mutum ne tsaye a bakin tashar bas, ya ba kyamara baya. Farar riga, kai a sunkuye. Hannayensa biyu a baya, na dama ya kama wuyan na hagu, na hagun kuma a dunƙule.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Ina kika samo wannan?"

"A... a cikin kyamarar."

"Allah Sarki." Muryar Umma ta karye. "Allah Sarki ɗana. Ashe akwai sauran hotonsa a ciki duk shekarun nan."



"Wa kike nufi, Umma?"

"Wa nake nufi? Ke ba ki gane Yayanki ba? To, ina za ki gane, shekararki goma sha biyu a lokacin. Dubi tsayuwar. Dubi yadda ya riƙe hannun. Tun yana ɗan firamare haka yake tsayawa in ya yi laifi. Ko cikin mutum dubu zan tsamo bayan nan."

"Umma, mutane suna kama da juna..."

"Ga kwanan wata a jiki, ke ma karanta."

Ta nuna mata ƙananan jajayen lambobin da ke kusurwar hoton. Shekarar da suka nuna ta wuce da shekara goma. Shekara guda kafin motar da Yaya ya hau ta faɗa kogi, aka kawo musu jakarsa ba tare da shi ba.



Auta ta san lambobin nan. Ƙarya suke yi. Kyamarar ta yi shekaru a akwati babu batir, agogon cikinta ya koma ranar da aka ƙera ta, ita kuwa ba ta taɓa sanin inda ake gyara shi ba. Duk hoton da ta ɗauka, tsohuwar shekara yake fitowa da ita.

Wannan hoton, ita ta ɗauke shi da hannunta. Ranar Talatar da ta wuce. Ƙarfe biyar saura na yamma.

"Bari in kai wa Abbanki," in ji Umma, tana share ido da gefen mayafi.

"A'a! Umma, don Allah..."

"Me ya same ki? Shekara tara bawan Allahn nan yana kwance, kullum la'asar sai ya ce a bar ƙofa a buɗe, yaron bai dawo ba. Ba shi da hotonsa ko ɗaya tun da ya girma, shi kullum yana bayan kyamara. Bari ko bayansa ya gani."

Daga ɗayan ɗakin suka ji tarin Abba, sannan ƙarar cokali a jikin kofi. Haka yake kira tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Umma ta fita da hoton.

Auta ta tattara sauran. Ta ware su ɗaya bayan ɗaya, da na watan jiya, da na wancan watan. Farar rigar ta fito sau tara. Duk a tasha ɗaya. Duk ranar Talata.

Yau ma Talata ce.

*

Shagon Kawu Mai Hoto yana nan yadda Yaya ya bar shi: labulen da aka zana ruwa mai gangarowa daga dutse, kujerar roba mai hannu ɗaya, furannin leda da ƙura ta mayar launin toka. Ba kawunsu ba ne na jini. Maigidan Yaya ne, shi ya koya masa aiki, shi ne kuma yanzu yake wanke wa Auta hotuna yana yi mata faɗa.

Yana yanka ƙananan hotunan katin shaida da almakashi ta shigo.

"A'a, 'Yar Shiru! Yau kuma ƙeyar wa kika kawo mini? Na ce miki fuska goma nake so, da izinin masu su. Ki ce sannu, ki ce don Allah, ki ɗauka. Ke kuwa kin haddace ƙeyar mutanen garin nan kaf. In aka sace wani, ke za a kira ki gane shi ta baya."

Ba ta yi dariya ba. Ta jera hotunan a kan kantar shagon, takwas, ɗaya kusa da ɗaya.

Almakashin ya tsaya.

"Kawu, kai ka wanke waɗannan."

"Ni na wanke."

"Ka kalle su?"

"Ni aikina wanki ne, ba kallo ba."

"Kai da kake gaya mini wannan ya karkace, wannan rana ta cinye shi, wannan hannuna ya girgiza? Duk hoton da na kawo sai ka ce wani abu a kansa. Waɗannan kaɗai ne ba ka taɓa cewa komai ba. Ka mayar da su ƙasan ambulan."

Ita kanta ta yi mamakin tsawon maganar. Ba ta taɓa jera masa jimla uku a jere ba.

Kawu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ina na taran?"



"Ban ce maka tara ne ba, Kawu."

Fankar sama ta yi ta juyawa tana ƙara. A waje wani mai babur ya danna ham ya wuce. Tsohon ya tashi a hankali, ya je ya juya allon ƙofa zuwa "an rufe", ya dawo ya zauna a kan kujerar masu ɗaukar hoto, a gaban zanen ruwan nan. Sai ta ga ya ƙanƙance.

"Na taran yana hannun Abba," ta ce. "Umma ta ɗauka tsohon hoto ne."

"Innalillahi."

"Shi ne?"

Kawu ya kawar da fuska.

"Kawu, kai ka kawo mana jakarsa. Ina tsaye a bayan labule. Kai ka ce sunansa na cikin takardar fasinjoji. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Sunansa na ciki. Jakarsa na ciki. Ban yi ƙarya ba a ranar, Allah ya sani." Ya sunkuyar da kai. "Bayan kwana huɗu ya ƙwanƙwasa mini ƙofar baya."

Auta ta dafa kantar shagon. Sai ta ga labulen ruwan yana motsi kamar da gaske zuba yake.

"Ya saka jaka a mota, ya sauka, ya kasa tafiya. Ya zauna a bayan tasha yana tunanin ko ya koma ya ba Abbanku haƙuri. Motar ta tashi ta bar shi. Kafin ya ji labari, labari ya riga ya isa gidanku, Abbanku ya yanke jiki ya faɗi. Da ya zo nan na gaya masa, sai ya zauna daidai inda nake zaune. Ya ce, Kawu, na kashe shi sau biyu ke nan. Ka bar ni a kogin."

"Ka bar shi?"

"Na bar shi."

"Shekara tara! Umma ta rabar da kayansa. Ta bar takalminsa ɗaya a bayan ƙofa har yau tana share masa ƙura. Kai kuma kana zuwa gaisuwa, kana zama, kana shan ruwanmu!"

"Faɗi, 'yata. Faɗi duka."

"Sau biyu kamar yaya? Me ya yi wa Abba tun farko? Abin da na sani kawai na ji ihu ta bango. Na ji Abba ya ce, kada in sake ganin fuskarka. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili."

Kawu ya miƙa hannu ya jawo aljihun tebur. Daga can ƙarshensa ya zaro wata tsohuwar jarida da ta yi rawaya, a ninke huɗu.

Hoto ne babba, rabin shafi. Ɗan dako daga baya, ya ranƙwafa ƙarƙashin buhuna biyu, riga a yage a kafaɗa, gumi ya manne ta a jiki. Amma a ƙafarsa takalmin ofis ne, sau ciki, yana ƙyalli kamar madubi. A ƙasa an rubuta: hoton da ya zo na ɗaya. Ga sunan Yaya.

"Yayanki kunyarsa ta fi taki," in ji Kawu. "Shi ma baya yake bi. Ya ga takalmi mai ƙyalli a ƙafar ɗan dako, abin ya burge shi, ya danna ya wuce, bai ko kalli mutumin ba. Sai da hoton ya fito a nan ya tsaya yana kallon takalmin. Yayanki ne yake goge takalmin nan kowace safiya."

Auta ta kai yatsa kan takardar. Ta san wannan kafaɗar. Ita take ɗaga ta kullum in za ta gyara masa matashi.

"Abba?"

"An sallame su daga kamfani wata bakwai kafin nan. Bai gaya wa kowa ba, ko Ummanki. Kullum sai ya fita da safe da guga a jikinsa da jaka a hannu, ya je bayan tasha ya sauya riga, ya yi dako, ya dawo da yamma ya ce aiki ya yi yawa a ofis. Takalmin ne kawai ba shi da na sauyawa."

"Kuma Yaya ya kai shi jarida? Yaya?"

"Bai kai ba." Muryar tsohon ta koma ciki. "Ɓoye shi ya yi a aljihun nan. Ni na gani. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa ganin hoto kamarsa ba. Ban san waye a ciki ba. Na ce yaron nan kunya za ta binne shi da basirarsa, bari in yi masa gata. Na aika da sunansa ban gaya masa ba."

"Unguwa ta gane."

"Kafin azahar. Mai kanti ya manna shi a bango. Abbanki ya dawo da jakarsa ta ofis, ya tarar ana jiransa."

"Yaya bai faɗa masa kai ne ba?"

"Bai faɗa ba. Ya ce shi ya danna. Ya ce da ya zagaya ya gaishe da mutumin kafin ya ɗauka, da bai ɗauka ba."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Wata takwas yana mata faɗa a kan fuska goma, da izini, da sannu, da don Allah. Ita ta ɗauka darasin hoto ne.

"Yaushe ya dawo garin?"

"Wata uku. Yana aiki a wani wurin buga takardu can bayan gari. Na ce masa ƙanwarka ta ɗauko kyamararka, Talata take fita, tashar da ke gindin gada take zuwa, kuma bayan mutane take bi irinka. Na ɗauka zai yi miki magana." Ya girgiza kai. "Sai na fara ganinsa a wanki. Na tambaye shi, wannan wane irin abu ne? Ya ce an hana shi kai fuskarsa gidan, ba a hana shi kai bayansa ba. Tunda ba zai shiga da ƙafarsa ba, bari ya shiga a ambulan."

Ta dubi agogon bango. Huɗu da rabi.

"Bas ɗin biyar yake hawa," in ji Kawu. "Amma ki ji. Ranar Asabar ya zo ya ce mini aikin nan ya ƙare, zai koma inda ya fito. Yau ce Talatarsa ta ƙarshe."

*

Tashar cike take. Masu talla, masu jiran mota, hayaƙi, ham. Ranar ta yi ƙasa, ta ratso ta ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, ta shimfiɗa inuwar mutane dogo-dogo a kan kwalta.

A nan ne wata mai sayar da lemo ta taɓa kama igiyar kyamararta tana ihu sai ta goge hoton. A nan ne batir ya taɓa mutu mata daidai lokacin da tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Duk lokacin da ta zo, bakin ginshiƙi na uku take laɓewa, ta yi kamar tana duba waya.

Yau ba ta laɓe ba.

Yana nan. Farar riga. Kai a sunkuye. Hannun dama riƙe da na hagu.

Taku goma tsakaninsu. Ta yi uku, ta tsaya.  Duk kalmomin da ta haddace a hanya suka watse. Sau tara ta tsaya a bayan mutumin nan, sau tara ta yi tari ta danna ta gudu gida da shi a ƙirjinta ba ta sani ba. Ta lura akwai furfura kaɗan a ƙeyarsa. Yayan da ta sani ba shi da ita. Matattu ba sa furfura.

Ta ƙarasa. Ta cire kyamarar daga ƙirji, ta ɗaga ta zuwa idonta, karon farko a gaban mutum. Cikin ƙaramin gilashin, bayansa ya cika duniya.

"Malam," ta ce. Muryar ta fito siririya. "Sannu. Don Allah... zan iya ɗaukar hotonka?"

Kafaɗarsa ta motsa.

"Ɗauka mana. Ai kin saba."

Muryar. Ta ƙara kauri, amma ita ce. Ita ce ta koya mata karatun agogo, ita ce take kiranta ta zo ta riƙe masa tocila.

"Ta gaba nake so."



"Yau ba ki yi tari ba, Auta."

Kukan ya ƙwace mata. Kyamarar ta girgiza, amma ba ta sauke ba.

"Yaya."

"Kina riƙe ta da ƙarfi da yawa, shi ya sa hotunanki ke rawa. Manna gwiwar hannunki a jiki. Ki ja numfashi, ki saki rabi, sannan ki danna."

"Yaya, ka juyo."

"Kin yi tsawo. Ina ganin inuwarki a ƙasa, ta kusa kamo tawa."

"Ka juyo, don girman Allah."

"Umma fa? Ƙafarta na damunta har yanzu?"

"Ka zo ka tambaye ta."

"Ba zan iya ba."

"Kawu ya gaya mini komai. Ba kai ka aika ba."

"Ni na danna."

"Kullum sai Abba ya ce a bar ƙofa a buɗe. Kullum, Yaya. Ko ruwa ake yi."

Hannun hagun ya ƙara dunƙulewa har jijiyoyin suka fito.

"Wanda ya mutu yake jira. Wanda ya mutu an yafe masa. In na shiga da rai, ni ne wanda ya tona masa asiri, kuma ni ne wanda ya kwantar da shi shekara tara a kan ƙarya. Ki bar masa na kogin, Auta. Ya fi ni."

Bas ɗin ya shigo yana huci. Mutane suka yunƙura. Kwandasta ya leƙo yana bubbuga jikin motar.

Yaya ya yi taku ɗaya. Biyu.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Umma. Ta ɗauka da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kyamara, yatsanta ya taɓa lasifika ba ta sani ba.

"Auta, kina ina? Abbanki tun rana ya ƙi sakin hoton nan, ya ƙi abinci, ya sa na ɗauko masa tabarau. Wai sai ya yi magana da ke. Ga shi."

Ƙarar motsi. Numfashi mai nauyi. Sannan muryar Abba, kalma ɗaya-ɗaya, harshen na jan kowace kamar buhu.

"Auta."

Ƙafar Yaya tana kan matakalar bas. Ta tsaya a can.

"Na'am, Abba."

"Tashar nan... na san ta. Wata bakwai... na yi a cikinta. Na san... kowane rami." Ya yi tari. "Babu gada. A lokacin... babu gada."

Auta ta ɗaga ido. Gadar na bisa kanta, sabuwa, fentinta bai ko dushe ba. Tana cikin hoton, a sama, a gefen hagu.

"Yaushe... kika ɗauka?"

"Talatar da ta wuce, Abba."

Ta ji Umma ta yi wata ƙara a can nesa, kamar an fizge mata numfashi. Wani abu ya faɗi ya fashe.

"Yana... kusa da ke?"

"Yana gabana."

"Yana kallonki?"

"A'a, Abba. Ya ba ni baya."

Ta ɗauka layin ya yanke. Sai ta gane kuka yake yi.

"Ba shi... wayar."

"Malam mai farar riga!" Kwandasta ya daka tsawa. "Za ka shiga ko ba za ka shiga ba? Ka tare mana ƙofa!"

Auta ta miƙa wayar, ta kai ta daidai bayansa, inda hannayen suke.

Direba ya taka mai. Motar ta fara mirginawa, ƙafar Yaya ɗaya a kanta, ɗaya a ƙasa.

A bayansa, hannun hagun nan da ta ɗauka sau tara a dunƙule, ya fara buɗewa.